Daga Jos, cikin sanyi

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya amarya? Tun da ka tare a Legas shiru kamar an aiki bawa garinsu. Akwai tambayar da nake son yi maka, amma bari in fara sauke abin da ya hana ni barci kwana uku.

Ka tuna manhajar nan ta odar dankali da nake wa dillalan Farin Gada? Mutum zai zaɓi buhu goma, da zarar ya karkata wayarsa sai lissafin ya koma sifili. Alhajinka har kirana ya yi, wai ko aljanu na zuba a ciki.

Ashe Dagger ce, wato kayan aikin nan da ke haɗa wa manhajar Android sassanta, ko in ce ni ne. Na ɗauka subcomponent, wato ƙaramin sashe na Dagger da ke ƙarƙashin babban sashe, yana tashi ne tare da uwarsa lokacin da aka buɗe manhaja, tunda na liƙa masa scope, alamar da ke sa a yi ta amfani da abu guda maimakon a yi sabo. Ina! Lokaci biyu ne daban. Rubuta ajinsa, wato tsarin da ake ƙera shi da shi, ana yi ne wajen kamfayil, lokacin da ake harhaɗa manhajar a kwamfuta, shi ya sa ma Google suka sake gina ta suka fitar da Dagger 2 a 2015, don kuskure ya fito kafin waya ta ga manhajar. Na yi ta laluben fayil mai sunansa a build, inda fayilolin da kamfayil ya rubuta suke, ban samu ba, ashe a cikin DaggerAppComponent, fayil ɗin uwar, yake kwance, kamar ɗaki a cikin gida. In ma ba ka haɗa shi da uwa ba, ba za a rubuta shi ba sam.

Haihuwarsa kuwa sai ka kira create(), umarnin ƙirƙiro shi, da hannunka. Wajen mai masar layinmu na gane wannan, kada ka yi dariya. Tanda tana nan tun asuba, amma babu masa sai an zuba ƙullu, kuma kowane zubi sabuwar masa ce. Ni kuma a onCreate nake zubawa, wurin da ke gudana duk lokacin da aka tayar da shafin manhaja. Waya na juyawa Android ta kashe Activity, wato shafin, ta tayar da sabo, sabon subcomponent, sabon kwandon oda wayam. Scope bai yi alkawarin komai ba sai abu ɗaya a cikin subcomponent ɗaya. Riƙe shi da rai aikina ne.

Af, mai masar ta ƙara kuɗi, ta kuma ce har yanzu tana binka bashin yajin nan. Ɗan autan gidanmu ya samu Jami'ar Jos, yanzu gaisuwa ma sai da rangwame.

Na mayar da kwandon cikin ViewModel, ma'ajiyar da juyawar waya ba ta kashewa, magana ta ƙare. Na san abin da za ka ce: da na koma Hilt, sauƙaƙƙiyar hanyar amfani da Dagger a Android, tun 2021 da ActivityRetainedComponent, sashenta da ke rayuwa ko an juya waya, ya raba ni da wannan. Kai da ka kwana biyu kana neman waƙafi ɗaya a lab, ba ka da bakin magana.

An ɗauke wuta, batir saura kashi 6. Ka gaida amarya, ka ce mata dankalinta na nan zuwa in na samu mota.

Naka,
abokin cin masarka