Amsa ga mai tambayar ko ɗan kwangila ne ya sa ni magana

Malam, assalamu alaikum.

A shirin rediyon da muka yi tare, ka tambaye ni a kunnen jama'a wace riba talaka ya ci da kwamfutocin da gwamnatin tarayya ke shigarwa ma'aikatu. Sannan ka ɗora da cewa ko dai wani ɗan kwangila ne ya sa nake yi musu kirari. Lokaci ya ƙure kafin in ba ka amsa.

Maganarka ta biyu ita ta fi ci mini rai. Na yi aikin gwamnati har na yi ritaya, waɗanda muka zauna ofis ɗaya da su suna nan da ransu. Je ka tambaye su ko sun taɓa jin sunana a takardar kwangila. Kai ma ka san ba su ji ba. Da furfurarka da iliminka, bai kamace ka ka bar hujja ka koma kan mutuncina ba.

Game da riba kuwa, tun 2007 aka fara tsarin biyan albashin ma'aikatan tarayya ta kwamfuta mai suna IPPIS. A watan Fabrairun 2016 ministar kuɗi Kemi Adeosun ta sanar da cewa an cire sunayen ma'aikatan bogi fiye da 23,000 bayan an tantance su da lambar BVN, aka tsira da sama da naira biliyan 2 kowane wata. Kuɗin wa ake ci a da? Na ma'aikaciyar jinya da ke kwana a asibiti, da na malamin makaranta. Kafin a tilasta asusun bai ɗaya na TSA a 2015, kuɗin ma'aikatu a warwatse suke cikin dubban asusu a bankunan kasuwanci, gwamnati kuma tana rancen kuɗinta da kanta, tana biyan ruwa a kai. A 2023 ma'aikatar harkokin cikin gida ƙarƙashin Olubunmi Tunji-Ojo ta fitar da fasfo fiye da 200,000 da suka maƙale, cikin kimanin mako 3. Ma'aikatan nan dai su ne na jiya. An sa musu ido daga sama ne, aka ba su wa'adi, sai aiki ya tashi. Shi ya sa nake ƙin a riƙa kiran ƙaramin ma'aikaci malalaci. Hanyar da aka shimfiɗa masa ce mai kwana-kwana.

Ka ambaci katsewar intanet da ƙorafin malaman jami'a. Haka ne, har aka cire jami'o'i daga IPPIS a Disamban 2023. Gyara ake yi wa irin wannan.

Waɗanda ke kewar zamanin fayil, mun san su: masu ɓatar da takardar ɗan fansho har sai ya ba da na goro. Ina tsoron su kake yi wa aiki, ko da saninka ko babu.

Abin da ke ƙona mini rai ma ya wuce kai. Kwamitin Oronsaye, wanda gwamnatin tarayya ta kafa don duba hukumominta, ya miƙa rahotonsa tun 2012, ya ce a rage hukumomin da doka ta kafa daga 263 zuwa 161, saboda da yawa aiki ɗaya suke maimaitawa. Shekara 12 rahoton yana kwance, sai a Fabrairun 2024 majalisar zartarwa ta amince a aiwatar. Kowace hukuma tana da shugaba da motoci da ubangida mai kare ta, kuma a duk shekarun nan ban taɓa jin ka ɗaga murya a kan wannan ba.

Wassalam,
Tsohon ma'aikacin gwamnatin tarayya