Awakin da Ba Su da Turke

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga Baba da Inna. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya kamar yadda nake a nan, alhamdu lillahi. Ina gaida Gwaggo, da Yaya da mai ɗakinsa, da yara baki ɗaya. Auta, na san kai za ka karanta musu, ka bi a hankali, kada ka tsallake inda ka ga ya yi tsawo.

Baba, saƙonku ya iso mini ta bakin Yaya. Ya ce tun da kuka ga hoton awakin nan maƙil a tirela, kuka kuma ji har daga jirgi ake harbinsu, ranku ya ɓaci, kuka ce wane irin aiki ɗanku ya tafi yi na almubazzaranci da dabbar Allah. Maganar ta tsaya mini a zuciya. Ba ta waya ba ce, don sai na hau tudu nake samun sabis, ga awa bakwai tsakaninmu, kuna sallar asuba mu muna shirin azahar. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Inda nake aiki gonar kiwo ce a yammacin Ostireliya, tsakanin garin Kalbarri da Shark Bay, daf da Tekun Indiya. In na ce gona kada ku kawo irin tamu a rai. Ƙasar gwamnati ce da ake bai wa mutum haya don kiwo, sai in yini a kan babur ban zagaye rabinta ba, kuma mu shida ne a ciki. Ba a shuka komai. Jar ƙasa ce da jigawa da gajerun itatuwa dangin farar ƙaya. Ruwan sama bai kama ƙafar na Katsina ba, ɗan abin da ake samu ma cikin sanyi yake zuwa, wajen Yuni da Yuli. Ta yamma ƙasar yankewa take yi kwatsam, dogayen duwatsu su faɗa cikin teku. Alƙiblarmu ta can take, teku nake fuskanta duk sallar da zan yi.

Asali ƙasar nan ba ta san akuya ba, ba ta san wata dabba mai kofato ba ma. Turawan Ingila ne suka zo da awaki a jiragen ruwansu na farko a 1788. Daga baya masu haƙar ma'adinai da ma'aikatan hanyar jirgin ƙasa suka shiga da su daji don nono da nama, in zama ya ƙare a tashi a bar su. Sai kuma aka zo aka haƙa rijiyoyin burtsatse saboda tumaki a wuraren da da can ba ruwa sai ƙishirwa. Ruwan tumaki ya zama na awaki. Yau ana ƙiyasta sun haura miliyan 2 a ƙasar, suna yawo ba shaida a kunne, ba igiya a wuya.

Kun fi ni sanin akuya. Wata biyar ta haihu, sau da yawa tagwaye, 'yar kuma kafin ta shekara ta ɗauki ciki. A gida akwai abin da ke rage su: suna, biki, layya, kuɗin magani, kasuwar Jibiya ranar Lahadi. Nan babu ko ɗaya.

Abin da ya juya mini tunani, a makona na biyu ne. Dattijon da ke kula da gonar ya kai ni wani ɗan fili da aka kewaye da waya shekaru da dama da suka wuce, girmansa bai fi tsakar gidanmu ba. A ciki ciyawa har gwiwa, ƙananan itatuwa sun taso gwanin sha'awa, ƙasar da laushi, tsuntsaye na ta kai-kawo. Taku ɗaya a waje kuwa fako ne. Ya ce in durƙusa in nemo masa tsiron itace ko guda. Na yi ta dubawa, gwiwoyina suka yi ja da ƙasa, ban samu ba. Sai ya nuna mini manyan itatuwan: duk an aske ganyensu daga ƙasa zuwa daidai tsayina, layi ɗaya kamar da almakashi, iyakar inda bakin akuya ke kaiwa in ta miƙe da ƙafafun baya. Wasu har ɓawon an kware. Ya ce waɗannan tsofaffin in suka mutu, ba na baya da zai gaje su. Gani ya kori ji, Baba. A gefen teku abin ya fi muni, don da zarar an cinye abin da ke riƙe jigawa sai iskar kudu ta tasa rairayin gaba. Akwai hanyar motar da muke bi bara, bana tudun yashi ya haɗiye ta.

Yawancin aikinmu kamu ne, ba kisa ba. Da zafi ya kama, daga Disamba zuwa Fabrairu, tabkuna sun ƙafe, dole su zo kwamin ruwa. Mukan kewaye shi da shingen ƙarfe mai ƙofa irin wadda ake turawa a shiga amma ba a fita. Da farko a bar ta a buɗe kwanaki har su saba, sannan a ɗana. Ran da na fara zuwa dubawa da sassafe, tun daga nesa warin bunsuru ya tarbe ni. Sun fi ɗari biyu a ciki, farare da baƙaƙe da masu roɗi-roɗi, wasu gashi har ƙasa. Akwai wani tsohon bunsuru mai ƙaho kamar hannuwan mutum a buɗe, bai gudu kamar sauran ba, ya tsaya ƙyam yana kallona. Na tuna jar akuyar Inna da ke biyo ta har bakin madafi saboda dusa, wadda ta san muryarta cikin muryoyin matan unguwa. Waɗannan ba wanda ya taɓa kiransu.

Daga nan sai a loda su a tirela zuwa mayanka. Mafi yawan naman waje ake fita da shi, Amurka ce kan gaba wajen saye, kuma Ostireliya ce ta fi kowace ƙasa fitar da naman akuya a duniya. Mayankan da ke fitarwa da yawansu Musulmi ke yanka a cikinsu. Ni ma in an yi kamu nakan zaɓi matashin bunsuru in yi bisimilla in yanka mana, har abokan aikina sun koyi cin farfesu da yaji. Wannan ɓangaren, Inna, ba abin da ke damuna a cikinsa.

Abin da ke damuna shi ne kuɗi ke juya lamarin, ba lafiyar ƙasa ba. A 2022 farashin akuya ya yi tashin gwauron zabo, kowa ya zama mai son awaki. Na ji daga bakin masu aikin cewa wasu kan sayar da manya, su buɗe ƙofa su saki mata da ƙanana don a samu na baɗi. A 2023 farashin ya faɗi warwas, har kuɗin mota ya nemi fin kuɗin kaya, sai da yawa suka daina kamun gaba ɗaya. Ko ta ina, itatuwan ne ke ɗaukar asara. Maigidanmu, Allah ya saka masa, ba ya sakin ko ɗaya. Ya rufe rijiyoyin da ke kusa da teku, ya janye tumakinsa daga can, yana hutar da makiyaya bi da bi. Ya yi asara a kan haka, na gani da idona.

Saura maganar harbi. Akwai wuraren da babur ba ya shiga, doki ma ba ya shiga, can cikin tsagogin duwatsun bakin teku, inda awaki ke samun ɗan ruwa mai gishiri-gishiri yana tsattsafowa, don haka ba ruwansu da tarkonmu. Nan ne ake kiran jirgi mai saukar ungulu da maharbi mai lasisi. Sukan kama akuya ɗaya su ɗaura mata abin wuya mai aika sigina su sake ta. Akuya ba ta zama ita kaɗai, sai ta nemi 'yan'uwanta, su kuma su bi ta. Turawa sun sa mata sunan Yahuza, wanda littafinsu ya ce ya ci amanar Annabi Isa. Da wannan dabara aka ƙarasa aiki a tsibirin Dirk Hartog da ke arewa da mu, wanda aka sa wa sunan matuƙin jirgin ruwan Holan da ya sauka can a 1616. An mai da shi gandun daji a 2009, aka raba shi da awaki fiye da 11,000, zuwa 2017 ba ko ɗaya. Yanzu ciyayi na komawa kan jigawar, ana mayar da ƙananan dabbobin asali da suka ɓace daga can.

Ba zan ɓoye muku ba, ran da aka yi harbin a gonarmu ban iya cin abinci ba. Nama kwance a gindin dutse, mushe, ba mai iya saukowa ya ɗauko, ni kuwa ina tuna gidajen da sai sallah suke ganin tsoka. Har yau ban saba ba, kuma ba na roƙon Allah in saba. Amma na durƙusa a fakon nan na nemi tsiro ban samu ba, shi ma ban manta ba. Da zan samu hanyar da za a fito da su da rai daga duwatsun, da ni ne na farko. Ku sa ni a addu'a, in akwai kuskure a ciki Allah ya yafe mini.

Zamana nan ya sa na ga darajar abin da na raina ina yaro. Turken da Inna ke kafawa da faɗuwar damina, ana aikenmu yankan ciyawa muna ƙunƙuni, ashe shi ke tsare gona da zumunci. Amma da rani mu ma sakinsu muke yi, kuma ku dubi kewayen rijiyar gabas yadda ya koma. Yaushe rabon da ku ga sabon gawo ya tashi a gonarmu ta tudu? Na tuna gonar Kawu a wajen Maraɗi cike da itatuwa. Sassabin zamanin nan da suke yi, na barin tohon kututture a gyara shi maimakon a sare, wani mutumin ƙasar nan ne, Tony Rinaudo, ya fara shi tare da manoman can a 1983. Da na ba dattijonmu labari ya ce ashe ɗan ƙasarsu ya je ya gyara ta wasu, tasu na nan tana jira.

Don haka ina roƙon alfarma. Kuɗin da na turo wa Yaya wannan watan, bayan an cire na hatsi da na maganin Gwaggo, a sayi waya a kewaye tohon gawo da na kalgo da ke gonar tudu kafin a saki dabbobi. In wayar ba ta isa ba a haɗa da ƙaya. Auta ya ɗauki hoto ranar da aka gama, ya sake ɗauka bayan damina, ina so in nuna wa dattijon.

Inna, yajin da kika ba ni ya kusa ƙarewa, in an samu mai zuwa Perth, babban birnin jihar nan, a haɗo da kuka da daddawa, amma sai an bincika tukuna, don jami'an filin jirginsu na da tsanani a kan kayan abinci. A gaida Malam, a ce ina neman addu'a. In jar akuya ta haihu a gaya mini ko nawa ta haifa.

Wassalam.

Ɗanku mai kewarku kullum.