Zuwa ga Ɗana Sadiku, kan Na'urar Sanyaya Kwamfutarka

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Na ga jerin kayan da ka turo, kuma na yaba da zaɓinka. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, i5-13600K da madabod Z790, wato babban allon da ake haɗa komai a kansa, sun dace da wanda ke son ƙara wa kwamfuta gudu fiye da yadda kamfani ya saita. Wuri ɗaya ne hankalina bai kwanta ba, wato na'urar sanyaya firosesan. Ka saka Hyper 212 a can ƙasan jerin, da ragowar canjin da ya saura. Ba ta da laifi, amma hasumiya ɗaya ce mai bututan tagulla 4, kuma aikin da za ka ɗora mata ya fi ƙarfinta.

Ga dalili. Intel da kanta ta ce wannan firosesa yana iya jan wat 181 idan aiki ya yi nauyi, tun kafin ka taɓa komai. Duk wutar nan zafi take komawa. Da ka ƙara gudu za ka buƙaci ƙara ƙarfin wuta, shi kuwa zafi ba ya bin ƙarin sannu a hankali, tsalle yake yi, don 'yar ƙarin boltej kaɗan tana haifar da zafi mai yawa. Idan ya kai digiri 100, firosesan zai rage gudunsa da kansa don kada ya lalace. Ka ga ke nan ka biya kuɗin gudu, zafi ya karɓe.

Abin da nake so ka fi riƙewa shi ne wannan. Gwaje-gwajen da kake kallo a YouTube, yawancinsu a ɗaki mai sanyi ake yin su, digiri 20 da 'yan kai. Kai kuwa a Kano kake, inda zafin watan Afrilu yake kaiwa 40, ɗakinka kuma ba AC. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take turawa cikin faifan alminiyam. Duk digirin da ɗakinka ya fi nasu, kusan haka firosesanka zai fi nasu zafi. Wanda ya samu 80 a can, kai kana iya ganin 95. Saboda haka ka sayi wadda ta fi buƙatarka, ka bar wa kanka sarari.

Ka nemi mai hasumiya biyu da fanka biyu. Noctua NH-D15 ta kamfanin Ostiriya ce, tana kasuwa tun 2014, bututanta 6, fankokinta manya ne masu milimita 140, shi ya sa suke tura iska da yawa ba hayaniya. Garantinta shekara 6 ne, sai dai tana da tsada. Idan aljihu bai kai ba, Thermalright Peerless Assassin 120 ita ma hasumiya biyu ce da bututu 6, kuɗinta bai kai rabin waccan ba, aikinta kuma bai yi nisa da nata ba. Da ni ne, ita zan ɗauka, in sa ragowar kuɗin a fankokin akwatin kwamfutar. Mai sanyayawa da ruwa kuwa ban ba ka shawararta ba. Ranar da famfonta ya mutu, duka za ka canza, amma ta iska fanka ce kawai ke lalacewa.

Kafin ka biya, ɗauki ma'auni. NH-D15 tsayinta milimita 165 ne, ba kowane akwati ne murfinsa zai rufu a kanta ba. Fankar gaba kuma tana hawa kan RAM, wato sandunan ma'adanar wucin gadi, don haka idan naka dogaye ne masu fitilu, sai ka ɗaga ta, tsayin ya ƙaru. Ka kuma buɗe kwalin a gaban mai shago, ka tabbata akwai ƙarafan ɗaurawa na LGA1700, wato mazaunin firosesanka a kan madabod.

Wajen ɗaurawa, ka ɓare ledar da ke manne a ƙasan tagullar, mutane da yawa suna mantawa da ita. Ka ɗiga man da ake shafa wa firosesa (thermal paste) kamar ƙwayar wake a tsakiyar firosesan, ka riƙa ɗaure kusoshin bi da bi, kaɗan-kaɗan, har su zauna daidai. Fankokin su riƙa tura iska zuwa bayan akwati.

Kada ka ƙara wa firosesan gudu sai ka sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod. A 2024 Intel ta amince cewa yawan boltej yana lalata wasu firosesocinta na zubi na 13 da na 14, ta kuma fitar da gyara. Naka yana cikin wannan dangi, don haka ka yi hankali da ƙara wuta. Ka ƙara kaɗan, ka kunna manhajar gwaji ta Cinebench, ka zuba ido kan zafin a manhajar HWiNFO. Ka yi gwajin da tsakar rana, ba da asuba ba. Idan ya wuce 90, koma baya.

Lokacin hunturu ƙura tana toshe tsakanin faifan nan da sauri, ka riƙa hure su duk wata, kana riƙe da fankar kada ta juya.

Ka turo min sunan akwatin da tsayin RAM ɗin kafin ka je kasuwa, mu duba tare. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka