Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Daraktan Gidan Rediyon Jihar Gadarif

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe.

Kowa ya ga yadda wayar hannu ta janye muku masu sauraro. Kafin mai karanta labarai ya gyara zama, labarin ya riga ya zagaya WhatsApp da Facebook, masu neman nishaɗi kuma TikTok ya kwashe su. Amma a watan Fabrairun 2024, da layukan sadarwa suka ɗauke a kusan duk faɗin Sudan har Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, ya daina aiki, akwatin rediyo mutane suka ɗauko suka kakkaɓe masa ƙura. Batir biyu sun ishe shi, ba ya neman kati. Shi ya sa nake roƙon ku ware wa Hausa awa guda kullum, rabi bayan sallar asuba, rabi bayan isha'i, kuma lokacin ya tsaya cak, kada a riƙa ɗage shi.

Na safe ya fara da farashi. Kasuwar amfanin gona ta Gadarif tana kusa da ku, amma ƙaramin manomi a ƙauyukan bakin kogin Rahad bai san nawa ma'aunin kintar na riɗi ko ma'aunin ardab na dawa ya kwana ba sai abin da dillali ya faɗa masa. Dillali ya tsaya da mota a bakin masussuka, ya ɗebi riɗin a tafin hannu, ya hure, ya yanka kuɗi. Manomin kuwa ga bashin shel a wuyansa, wanda ya ci da damina zai biya da hatsi a kaka, sai ya sallama. Da a ce da asubar nan ya ji farashin jiya daga bakin wakilinku, da harshen da yake ciniki da shi, da cinikin ya sauya. Minti biyar kacal ake bukata, a haɗa da hasashen ruwan sama da damina.

Na dare kuma a buɗe shi da cigiya. Tun da yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilun 2023 jama'a suka yi ta kwararowa jihar nan, daga Khartum, sannan Wad Madani a Disambar shekarar, sannan Sinja a tsakiyar 2024. Har yau akwai uwar da ba ta san inda ɗanta ya faɗa ba, kuma ba ta da shafin Facebook da za ta saka hotonsa. A karanta suna da unguwa da sunan mahaifi, a maimaita kwana uku a jere. Wannan shi ne shirin da ya fi damuna, wallahi.

Wayar ma ku mai da ita ma'aikaciyarku. Ku ba da lamba ɗaya ta WhatsApp da mutane za su turo saƙon murya: ga ji-ta-ji-tar da ke yawo a unguwarmu, gaskiya ce? Ku bincika, ku amsa washegari. Likita mai jin Hausa ya zo sau ɗaya a mako ya yi bayanin kwalara da kala-azar, zazzaɓin nan mai kumbura saifa, daga nan a yanka shirin gajeru-gajeru a tura wa jama'a su yaɗa.

Ranar Juma'a a bar wa dattawa. A Maiwurno da Kasala da nan Gadarif akwai tsofaffin da suka ji labarin hijirar bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda Sarkin Musulmi Attahiru ya gwabza da Turawa, da tafiyar Hajji a ƙasa daga bakin kakanninsu. A naɗi muryoyinsu tun suna raye.

Na san za a ce babu kuɗi. Masu sayar da iri da kayan gyaran tarakta za su sayi talla a shirin da manoma ke jira, kuma matasanmu masu Hausa da Larabci a baki suna nan, horo kaɗan suke bukata. Sauran harsunan jihar ma sun cancanci irin wannan fili, ni dai na yi magana ne a kan wanda na sani. Ina roƙon a fara da na farashin kafin yankan riɗi na watan Oktoba.

Allah ya taimake ka, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.

Naka mai sauraro,
daga Gadarif