Saƙon Mabiyiya a Cikin Jinin Uwa

Malam Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin masu karatu kan wani bincike da ya shafi awon ciki. Mabiyiya, wadda muke binnewa bayan haihuwa, tana zuba wasu ƙananan ƙwayoyin saƙon halitta da ake kira maikro-RNA a cikin jinin uwa; a shekarar 2008 masana a Hong Kong suka tabbatar da samuwarsu a jinin masu ciki, suka kuma ga suna raguwa da zarar an sauka. Tun daga lokacin ake nazarin irin su miR-210, wadda yawanta kan ƙaru idan mabiyiya ba ta samun isasshiyar iska, kamar yadda ake gani a hawan jinin ciki da ke kai mata ga jijjiga.

Fatan shi ne ɗan jinin da aka ɗiba a hannu ya nuna hatsarin tun kafin ƙafafu su kumbura. Amma gwajin bai bar ɗakin bincike ba tukuna, saboda haka a nan Damagaram madogararmu ita ce auna hawan jini da gwajin fitsari a kowane zuwa awo. Ina kira ga Jami'ar André Salifou da ta sa ɗalibanta na likitanci su bi sawun wannan fanni.

Wata ungozoma,
Birni, Damagaram