Rahoton ayyukan shekara: batun gobara a motocin aikin masu sana'ar hannu a Yamai

Assalamu alaikum ƴan uwa membobi, iyayen gidanmu masu shaguna, da yaranmu masu koyon sana'a.

Kamar yadda babban taron ƙungiyarmu ya umarta, kwamitin gudanarwa ya sa mafi yawan ƙarfinsa a shekarar da ta ƙare kan batun gobara a cikin motocin da muke ɗaukar kayan aiki, wato ƙananan motocin kaya da babura masu ƙafa uku na masu walda, masu fenti, kafintoci, masu gyaran firji da masu jan wayar lantarki.

Da zagaye muka fara. Mun bi shagunan membobi daga Katako zuwa Wadata da Talladje, har ƙetaren kogi a Harobanda, muna roƙon kowa ya buɗe mana bayan motarsa. A wurare da dama mun tarar da jarkar man janareta jingine da tukunyar gas, ga gwangwanin fenti ba a rufe da kyau ba, ga tsummoki masu maiko a cunkushe ƙarƙashin kujera, kuma duk wannan a motar da take wuni a rana, a garin da zafinsa yake wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Abin da muka yi ta nanatawa shi ne cewa tururin fetur da iskar gas ta girki sun fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka idan mota tana rufe sai su kwanta a ƙasanta, kuma tartsatsi ɗaya daga kan batir ya isa ya tayar da su. Mutanen Yamai ba su manta da watan Mayu na 2019 ba, lokacin da tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Diori Hamani, ta kama da wuta yayin da jama'a suke kwasar man, aka rasa rayuka fiye da 50. Allah Ya jiƙansu.

Daga nan kwamiti ya tsayar da shawara a kan irin tukunyar kashe gobara da ta dace da mu, domin ba kowace ce take kashe kowace wuta ba. Ruwa yana kashe wutar katako da yadi, amma idan aka zuba shi kan fetur sai man ya taso sama ya bi ruwan yana ci, kuma a kan wayar da take da lantarki haɗari ne ga mai zubawa. Mun zaɓi tukunya mai gari wadda aka rubuta ABC a jikinta, domin tana aiki a kan busassun kaya, da mai, da gas: tukunya mai kilo 2 a gaba kusa da direba, sannan masu walda su ƙara mai kilo 6 a baya. Waɗanda ba su da halin saye a tashi ɗaya an kafa musu adashe, kuma muna godiya ga dattawan da suka yarda su ɗauki kwasar ƙarshe domin matasa su fara samu.

Sayen tukunyar shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, kuma a nan ne kwamiti yake da damuwa. Da muka sake zagayawa bayan damina, mun ga wasu tukwanen an binne su ƙarƙashin tsani da buhunan siminti, wasu kuma suna birgima a bayan mota har makullin bakinsu ya fita. Tukunyar da sai an sauke kaya kafin a kai gare ta ba za ta ceci motar kowa ba. Ya kamata a ɗaure ta da maƙalarta inda hannu zai kai daga kujera, a riƙa duba allurarta cewa tana kan kore, kuma sau ɗaya a wata a juya ta a girgiza, saboda jijjigar hanyoyinmu marasa kwalta tana danƙare garin a gindinta. Wadda aka taɓa matsawa, ko da sau ɗaya ne, sai an sake cika ta.

Horon da wani tsohon ɗan kwana-kwana ya ba mu a fili shi ne aikin da ya fi amfani a bana. Da yawa daga cikinmu a ranar muka fara sanin cewa ƙaramar tukunya tana ƙarewa cikin ƴan daƙiƙoƙi, don haka dole mutum ya ba iska baya, ya zare makulli, ya auna gindin wutar yana shara dama da hagu. Ya nuna mana cewa idan hayaƙi yana fitowa daga injin, kuskure ne a wangale murfinsa, domin iskar da za ta shiga ita ce za ta hura wutar. A ɗaga shi kaɗan a fesa ta kafar. Ya kuma ja kunnen masu walda da su riƙa tsayar da tukwanen iskarsu a ɗaure, kada maiko ya taɓa bakin tukunyar oksijin. Idan kuwa wuta ta riga ta kai ga tukunyar gas, a janye jama'a nesa a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Abin da ya ragu a wannan horo shi ne yara masu koyo. Iyayen gida sun zo, amma akasarinsu sun bar yaran a shago, alhali yaro ne yake zama cikin mota yana gadin kaya sa'ad da maigida ya shiga gidan da ake aiki, kuma shi ne yake zuba wa janareta mai. Kwamiti yana ganin wannan giɓi ne babba, shi ya sa muka roƙi malamin ya dawo.

Ma'aji zai karanta bayanin kuɗi da na adashe a zauren taro. Kafin shigowar bazara za a yi ranar duba tukwane a harabar ƙungiya, kuma ana roƙon kowane memba ya zo da motarsa yadda take fita aiki, tare da yaransa duka.

Wassalam.
Magatakarda, a madadin kwamitin gudanarwa, Yamai.