A riƙa tunawa da feda idan ana maganar hawa keke cikin ruwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ku ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wani ɓangare na keke da ake yawan tsallakewa. Duk sa'ad da aka tashi ba mahaya keke shawara kan tafiya cikin ruwan sama, sai a ambaci burki da taya, a ambaci fitila da rigar ruwa. Babu na yarwa a cikinsu. Amma da wuya ka ji an ce uffan game da feda, alhali a kanta mahayi yake dogara. Da zarar mutum ya miƙe daga sirdi don hawa tudu, ko don tashi daga tsayuwa a mahaɗar hanya, kusan duk nauyinsa ya koma kan ƙafa. Idan ƙafar ta zame a wannan lokacin, mai sauƙin ita ce feda ta juyo ta fasa masa ƙwauri. Mai munin kuwa, ya faɗa kan ƙarfen keken, kan keken ya murɗe, ya karkata zuwa inda motoci suke.

Feda shimfiɗaɗɗiya nake nufi, wadda ake takawa da kowane takalmi, ba irin ta 'yan tsere mai maƙale takalmi ba.

Kekuna da yawa suna zuwa da fedar roba mai 'yan ƙuraje da aka zuba tare da jikinta. Idan gari a bushe yake tana aikinta, shi ya sa ba mai zarginta. To amma ƙurajen nan roba ne, takalmi yana goge su yau da gobe har su lafe su yi sumul. Ruwa kuwa idan ya samu abu biyu masu sumul, sai ya shimfiɗu a tsakaninsu ya hana su kama juna. A ƙara da ɗan taɓo da mutum ya taka kafin ya hau, shi ke nan, ƙafa ba ta da abin riƙewa. Tsohuwar feda mai ƙullin baƙar roba biyu ita ma haka take idan ta jiƙe. Ta ƙarfe mai haƙora a gefe ta fi su kamu, sai dai ƙanƙanuwa ce, a kan layi biyu kawai takalmi yake zama.

Abin da ke riƙe ƙafa cikin ruwa shi ne abu mai tsini da zai ratsa ruwan ya nutse cikin ƙasan takalmi. Wannan ne ya sa fedar masu hawan duwatsu take ɗauke da ƙananan kusoshin ƙarfe, galibi 8 zuwa 12 a kowace fuska, tsawonsu 'yan milimita kaɗan. Kusa ba ta damu da jiƙewa ba. Muddin ta shiga roba, ƙafa ba za ta gusa gaba ko gefe ba sai an ɗaga ta. Duk wanda ya fara taka irin wannan feda, abin da yake fara lura da shi ke nan: ba ya iya jan ƙafarsa ya gyara mata zama, sai ya ɗaga ya sake ajiyewa.

Su ma kusoshin ba ɗaya suke ba. Ni na fi yarda da waɗanda ake ɗaurawa ta baya, kansu yana ɓoye a cikin jikin fedar, tsininsu ya fito ta gaba. Idan tsinin ya daki dutse ko bakin titi ya lanƙwashe, kan yana nan lafiya, sai a sa alanki, wato ɗan makullin nan mai kusurwa shida, a kwance a musanya. Waɗanda ramin alankinsu yake a kan tsinin kuwa, idan suka daku ramin ya toshe, fitar da su aiki ne. Wasu kamfanonin suna haɗawa da ƙananan washa da ake sawa don rage tsawon kusa, abin da ke da amfani ga wanda bai saba ba. Sannan a lura da fedar da aka yi wa kusoshi na roba, masu kama da na gaske daga nesa. Waɗannan za su lafe kamar ƙurajen da na ambata, kuma ba a musanya su.

Siffar fedar ma tana da nata aikin. Mai kyau takan ɗan lotsa a tsakiya, gaba da baya su ɗan tashi, ƙafa ta zauna a ciki kamar a tafin hannu. Akwai waɗanda aka sirantar da su har wurin da sandar tsakiya take ya yi tudu; a nan takalmi zai zauna, kusoshin da ke kewaye su rasa nauyin da zai nutsar da su. Gane wannan ba wuya: a ɗora rula a kan fedar daga gaba zuwa baya a ga me ta fara taɓawa. Faɗi kuma ya dace da ƙafa. Wajen milimita 100 kowane ɓangare shi ne aka fi gani, kuma kamfanin Crankbrothers yana fitar da fedarsa mai suna Stamp a girma biyu, ƙarama da babba, saboda ƙafafu ba ɗaya ba ne. A nemi mai manyan ramuka a jiki, don laka ta samu inda za ta zube maimakon ta taru ta binne kusoshin.

Batun alminiyam ko nailan ba zan daɗe a kansa ba. Alminiyam ya fi jure duka. Amma wajen kamu, fedar nailan mai kusoshin ƙarfe, irin Chester ta kamfanin Race Face, ba ta gaza ba, domin kusa ce ke riƙo, ba jikin fedar ba. Wanda riƙo cikin ruwa kawai yake nema, kada ya ga dole sai ta alminiyam.

Inda na fi so masu karatu su tsaya su yi tunani shi ne takalmi, domin feda rabin magana ce. Kusa tana buƙatar abu mai laushi da za ta shiga. Takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa na roba mai laushi, irin kambas, shi ne abokin tafiyarta. Takalmi mai ƙasan fata ko busasshiyar roba mai tauri kuwa, kusa ba ta iya shigarsa. Sai mutum ya zama a kan 'yan tsinaye kaɗan yake tsaye, kuma idan da ruwa santsin na iya fin na fedar roba. Takalmin but mai zurfafan tsaga a ƙasansa shi ma yakan ba da matsala, don wasu kusoshin suna faɗawa cikin tsagar ba su taɓa komai ba. Kamfanin Five Ten ya yi suna a wajen masu keke ne saboda robar Stealth, wadda asalinta ta takalman hawan dutse da hannu da ƙafa ce. Ba sai kowa ya sayi irinsa ba, amma darasin a fili yake: laushin roba ne ke ba kusa dama. Silifas kuma, gaskiya babu fedar da za ta gyara shi. Ko da ƙasansa ya kama fedar, ƙafa za ta zame a cikin silifas ɗin kansa idan ya jiƙe. Saboda haka mai sayen feda ya fara duba takalmin da yake sawa kullum, ba wanda yake fatan saye wata rana ba.

Wannan ya kawo ni ga masu hawa keke zuwa wurin aiki da takalmin ofis. Kusa za ta cinye musu ƙasan takalmi, kuma ba lallai ta riƙe ba. Su abin da ya fi musu shi ne feda mai faɗi da aka lulluɓe fuskarta da abu mai kaushi irin samfefa, kamar Ergon PT, ko mai robar Vibram kamar Geo City Grip ta kamfanin Look. A kan kwalta cikin ruwa suna wadatarwa. A cikin laka kuwa ba su kai kusa ba, don laka tana cike kaushin, kuma kaushin yana raguwa da daɗewa. Yara ma irin wannan zan zaɓa musu.

Ba zan ɓoye ba, kusa tana yanka. Ƙwauri ya sha ta, musamman lokacin tura keke ko idan feda ta juyo. Wannan dalili ne na gaske da ke sa wasu gudunta. Amma yawancin dukan da feda ke yi wa ƙwauri daga zamewar ƙafa yake farawa, kuma zamewar ce kusa take hanawa. Ga wanda ke bin hanyar ƙasa ko mai ramuka lokacin ruwa, ni ina ganin amfanin ya rinjayi illar. Masu cewa sai feda mai maƙale takalmi ce ke riƙe ƙafa da gaske, su tuna da Sam Hill na Ostareliya, wanda ya ci gasar duniya ta gangara dutse da keke a 2006 da 2007 da 2010 a kan shimfiɗaɗɗiyar feda. Kuma a hanya mai santsi, ikon sauke ƙafa nan take ba ƙaramin abu ba ne. Zaman ƙafar ma yana taimakawa: a ɗan tura ta gaba yadda sandar tsakiya za ta kasance bayan tushen yatsu, a kuma ɗan sauke diddige idan za a taka burki ko a bi gargada.

Ruwa ba saman feda kaɗai yake ɓatawa ba, yana shiga ciki ya wanke giris, boris, wato abin da fedar ke juyawa a kansa, ya yi tsatsa. A nemi mai rufaffen boris. Lokaci-lokaci a kama fedar a girgiza. Idan tana wasa ko tana ƙara idan an juya ta, lokacin gyara ya yi.

Wajen ɗaurawa, tiredi, wato tsagar da ake murɗa fedar da ita kamar noti, iri biyu ne: inci 9/16 a yawancin kekunan manya, rabin inci a kekunan yara da waɗanda hannuwan fedarsu ƙarfe ɗaya ne tilo. Ba sa shiga gurbin juna. Ta dama tana da alamar R, ta hagu L, kuma tiredin ta hagu a juye yake: ta inda ake kwance noti ta nan ake ɗaure ta. A shafa giris, a fara murɗawa da hannu, sannan a ƙarasa da sifana mai lamba 15 ko alanki. Wanda ya tilasta mata da sifana tun farko, tiredin hannun fedar zai cinye.

Saura abu ɗaya. Feda mai kusoshi sau da yawa ba ta zuwa da ɗan madubin nan mai launin ruwan ɗorawa mai mayar da haske. Lokacin ruwa gari yana duhu, gilashin direba a jiƙe yake, kuma hasken da ke hawa da sauka a ƙafar mai keke yana sa a gane shi daga nesa. A Birtaniya doka ce ga mai hawa da dare, idan an ƙera keken bayan 1 ga Oktoba 1985. Wanda tasa ba ta da shi ya nemi na ɗaurawa, ko ya ɗaura ƙyalle mai ƙyalli a idon sawu.

Roƙona gare ku, Malam Edita, idan kun sake waiwayar wannan batu ku nemi ƙwararren mai gyaran keke ya nuna wa masu karatu da hoto yadda lafaffiyar feda take da yadda ake musanya ta.

Na gode. Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Mai karatu kuma mahayin keke